Ranar da Biron Kaka Ya Bushe

Kakana na wajen uba ya haura tamanin, amma idan ka tambaye shi shekarunsa sai ya ce ka je Zango ka tambayi kukar da ke bayan kasuwa, wai tare suka yi rarrafe. Ni dai na buɗe ido na same shi tsoho. Abbana ma ya ce haka ya same shi. Na taɓa tambayar tsohuwar da ke toya ƙosai a unguwarmu, wadda haƙori ɗaya ya rage mata, ta ce ita ma tun tana yarinya da furfurarsa ta san shi. Ita kam na san sharri take yi masa, don ya hana ta cika wa mijinta gishiri a miya.

A Zango aka haife shi, gidan manoman gero da gyaɗa. An kai shi makarantar boko ne a zamanin da iyaye ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu idan sun ji masu ɗaukar yara sun shigo gari. Shi ma an ɓoye shi, tari ne ya tona masa asiri. Daga nan sai Daura, sai Katsina, sai Zariya, inda ya karanta haɗa magani, ya dawo ya zauna a bayan tagar ba da magani ta asibiti har kansa ya koma kalar auduga. Ya yi ritaya tun kafin a haife ni, amma har yau idan aka wanke babbar rigarsa aka shanya, ƙuda ba ya sauka a kanta, saboda ƙamshin asibiti ya ƙi fita.

Ritayar ma a takarda kawai ta tsaya. Babu aikin gayyar da za a yi a unguwa ba ka gan shi a gaba ba, ko yashe kwata ne kafin damina, ko bin masu rigakafi gida-gida don ya lallashi magidanta masu taurin kai. Duk lokacin da likitocin ido suka zo yi wa marasa hali aiki kyauta, shi ke cika mota da tsofaffi daga ƙauyuka, yana ce musu, "Cizon sauro ya fi shi zafi." Amma babban aikinsa yana zauren gidanmu ne.

Kowace safiya, in ban da Juma'a, da hantsi ya ɗaga sai a shimfiɗa masa tabarma da buzu a zaure. Ba ya sayar da magani, ba ya rubuta wa kowa magani. Mutane ne ke zuwa da abin da aka ba su a asibiti, da wanda suka saya a kemis, da wanda surukinsu ya sha ya rage, duk a baƙar leda ɗaya, sun yar da kwalayen tuni. Sai su juye a gabansa. Wasu daga Mai'adua suke zuwa a kan babur, wasu da magungunan da suka tsallako daga Nijar ta Kongolam, rubutunsu duk Faransanci. Kaka ya ware wanda wa'adinsa ya wuce, ya ware wanda bai kamata a haɗa da wani ba, sauran ya zuba kowanne a ɗan ambulan ɗinsa. Da yake yawancinsu ba sa karatun boko, ba rubutu yake musu ba, zane yake yi. Rabin da'ira safiya ce, cikakkiyar da'ira tsakar rana, jinjirin wata kuma bayan isha'i. A ƙarƙashin kowanne sai ya ja 'yan sanduna, yawan ƙwayar da za a sha. Akwai tsofaffin da suka fi gane zanen nan a kan fuskokin jikokinsu.

Ni ba taimako ke kai ni zauren ba, kada a ba ni ladan da ban yi aikinsa ba. A duk gidanmu nan ne kawai wayar Umma ke kama sabis, a kan dakalin da ke jikin ƙofa. To a dogon hutun bara, ina zaune a nan ina hira da ƙawayena, na fara lura da wasu abubuwa.

Na farko, Kaka ya fito daga cikin gida ya yi wa buhun gero sallama. Buhun an jingine shi a bango, an ɗora masa tsohon rawani don kada kaji su tsattsage bakin. Ya tambaye shi ya iyali. Da bai ji amsa ba sai ya ce, "Yaran yanzu." Umma ta ce ƙarya nake yi, bai kai ga tambayar iyali ba. To, ko da na ƙara gishiri, sallamar dai an yi ta.

Na biyu, ya tsiro da yi min jarrabawa. Yana cikin ware magani sai ya miƙo min kati ya ce, "Amarya, zo mu gani ko ana koya muku wani abu a makarantar nan. Karanta min wannan." Amarya yake kirana tun ina zanen goyo, ni kuma in ce masa angona, kamar yadda kowace jika ke yi da kakanta. In karanta sunan maganin ina tuntuɓe, in karanta wata da shekarar da ke jiki, ya ce, "Ba laifi, kin ci." Da farko na ɗauka da gaske ilimina yake aunawa. Sai na ga jarrabawar ba ta ƙarewa, kuma bai taɓa duba katin ya tabbatar ba.

Daga nan na shiga bincike. Na sa hular Abba na zauna a gabansa, ya ce, "Ba ka tafi ofis ba?" Na miƙa masa jarida a juye, ya riƙe ta haka har ya gama shan kunu, yana girgiza kai wai duniya ta lalace. Na yi masa gwalo na tsawon lokacin da har harshena ya bushe, bai ce komai ba. Abin da ya ɗaure min kai shi ne yadda aikin zaure ke tafiya duk da haka. Ashe hannunsa da hancinsa da kunnensa sun raba aikin ido a tsakaninsu. Ya shafa kati da babban yatsa ya ce na hawan jini ne. Ya girgiza kwalba kusa da kunne, ya buɗe ya sansana, ya ce na tari ne kuma ya daɗe a rana. Mutum yana yin sallama zai kira shi da sunan garinsu da ciwonsa. Idan ka kalli ƙwayar idonsa da kyau a haske, za ka ga wani fari-fari a tsakiya kamar an ɗiga nono a shayi. Yanar ido ce ta rufe su duka biyun, kuma babu wanda ya taɓa furta kalmar a gidanmu.

Ranar da abin ya fashe, zauren ya cika tun da wuri. Kaka ya zaro bironsa daga aljihun gaba, ya ware wa wata mata magungunanta, ya yi zane a kan ambulan, ya miƙa mata yana bayani. Ta karɓa hannu biyu, ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji." Ta tashi. Da ta zo wucewa ta gabana na hango ambulan ɗin. Fari tas. Babu da'ira, babu wata, babu sanda ko ɗaya. Tawadar biron ta ƙare.

Na yi shiru in ga abin da na gaba zai yi. Wani dattijo ne mai ciwon suga. Kaka ya zana masa iska da kyau, har yana gyara lanƙwasar jinjirin wata, dattijon ya karɓa, ya kalli farar takarda, ya ce, "Na gane sarai." Na bayansa ma haka. Har da wanda ya yaba kyawun zanen. Mutane suna ta fita da fararen ambulan suna godiya, ni kuma dariya tana cina har na cusa gefen hijabina a baki.

Sai na ce bari in ga inda suke zuwa da su. Na bi bayan wata mata da ta fita a lokacin. Ba gida ta nufa ba, shagon telan da ke jikin gidanmu ta shiga, na tarar da sauran a can sun kewaye shi. Tela ya ture ɗinki gefe, ya ɗauki bironsa, kowa yana faɗa masa abin da ya ji Kaka ya ce, shi kuma yana zanawa.

"Fara ɗin sau uku ya ce," in ji dattijo mai ciwon suga.

"A'a Baba, sau ukun nawa ne," in ji matar. "Naka safe da dare na ji ya ce."

"To wanne zan zana?" in ji tela.

"Zana uku ɗin, ai yawa ba ya ɓaci."

Nan na daina dariya. Ko ni da ban san komai ba, na sha jin Kaka yana cewa maganin suga idan ya yi yawa yana kayar da mutum.

Na ce wa telan, "Kawu, me ya sa ba wanda ya gaya masa bironsa ba ya rubutu?"

Ya kalle ni kamar na tambaye shi dalilin da ya sa ake cire takalmi a masallaci. "Wa zai kalli idon Alhaji ya gaya masa haka? Ai daidai yake da ka ce masa ba ya gani. Mutumin da ya ba uwata magani, ya ba ni, ya ba 'ya'yana. Ke ma ki kama bakinki."

"Kun daɗe da sani ke nan?"

"Tun bara zanen ke zamewa ya faɗa kan tabarma. Ina gyara musu."

Ashe ni kaɗai ke ta wahalar bincike da hula da jarida. Duk unguwa ta sani, har Mai'adua an sani. Abba ya sani, amma ɗa ba ya iya faɗa wa ubansa irin wannan. Umma suruka ce, ko sunansa ba ta iya kamawa, balle idonsa. Da na lissafa, a duk faɗin masarautar Daura mutum ɗaya ne ke da lasisin gaya wa Kaka magana son ransa a ce wasa ne, kuma ita ce ke tsaye a shagon tela da wayar uwarta a hannu.

Na koma zaure. Bakina dai bai taɓa yin nauyi ba tun da aka haife ni. Na tsuguna kusa da shi na ce, "Angona, wa ya yi maka rowar biro? Wannan ai ya mutu tun da safe."

"Ke tafi can, kin fara."

"Wallahi Kaka. Duk waɗanda suka fita, farar takarda suka tafi da ita."

Wani mutum ya fara nazarin rufin ɗaki kamar shi zai sake shi. Kaka ya ɗauki ambulan ɗin da ya gama zanawa, ya kawo shi dab da hancinsa, ya juya shi wajen hasken ƙofa, ya daɗe a haka. Sannan ya tambayi mutumin da ke gabansa, "Malam, akwai zane a nan?"

Mutumin ya ce, "To, Alhaji, akwai alamarsa."

"Akwai ko babu?"

"Babu."

Ban taɓa ganin ran Kaka ya ɓaci irin na ranar ba, kuma bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya sa aka kira 'yan acaɓar bakin layi, ya faɗa musu duk wanda ya zo tun safe ɗaya bayan ɗaya, da unguwarsa, ya ce a dawo da su. Ya sa aka kira Abba daga wurin aiki. Aka sake ware maganin kowa, Abba yana karantawa yana zanawa, Kaka yana faɗa. Dattijo mai ciwon suga sau biyu ne nasa, ba uku ba. Da aka gama, Kaka ya ce wa mutanen, "Kun ji kunyata har kuna neman kashe kanku. Daga yau kowa ya kai ledarsa asibiti." Ya naɗe buzunsa da kansa, ya dafa bango ya shiga gida.

Washegari Abba ya same shi a gindin darbejiyar tsakar gida, ya durƙusa, ya yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman aure, daga ƙarshe ya ce, "Alhaji, aikin yanar nan fa ba wani abu ba ne yanzu. Kai da kanka ka sha kai mutane."

"Na ji."

"Ko in yi magana da likitan ido?"

"A bari damina ta wuce."

Damina ta wuce, ya ce a bari a gama girbi. Aka gama girbi, ya ce likitan da ya yarda da shi ya tafi ƙaro karatu. Ina jin da an matsa zai ce a bari kukar Zango ta yi 'ya'yan mangwaro. Zauren kuwa yana rufe. Mutane ba su daina zuwa ba. Za ka ji sallama, Kaka ya ɗaga kai, ya gane muryar, har ya faɗi ciwon mai ita a hankali, sannan ya ce min, "Je ki ce ya tafi asibiti." Ya rage cin abinci. Ya daina tsokanata, wanda a wurina ya fi komai tayar da hankali, don miji ya daina kula ki ai magana ta yi nisa. Kowa ya gane cewa idan ba a yi aikin nan ba, zauren ya rufu ke nan har abada, kuma ba na jin Kaka zai daɗe a bayansa.

Ni abin da ya hana ni sukuni shi ne dalili. Mutumin da ya shekara da shekaru a asibiti, wanda ya ga jini ya ga gawa, me zai tsorata shi a aikin da ya ce cizon sauro ya fi shi zafi? Na tambayi Umma, ta ce in rage shisshigi. Na tambayi Abba, ya ce shi ma da ya sani da ya huta. Na tambayi Kaka kai tsaye, ya ce yarinyar da ke tambaya da yawa sakinta ake yi.

Amsar a kan babur ta zo daga Zango. Kaka yana da aboki a can, tare suka yi kiwon awaki suna yara, shi bai yi tari a rumbu ba, don haka ya zauna manomi. Muna ce masa Baba na Zango. Gajere ne, muryarsa kuwa idan ya yi sallama a ƙofar gida sai tantabarun maƙwabta su tashi. Shi ma an taɓa yi masa aikin yana, kuma Kaka ne ya kai shi, har ya riƙe masa takalmi.

Ya shigo da ƙunshin gyaɗa, ya zauna a tabarmar Kaka ba tare da an ce ya zauna ba. "Ɗan boko, an ce ka zama matar kulle."

"Baƙauye, wa ya ba ka kuɗin acaɓa?"

"Amaryarmu, zo ki ji," ya ce da ni. "Ni wannan mijin naki ya ce min cizon sauro. Na kwanta aka yi min, ko uhum ban ce ba. Yau ga shi sauron ya zo kansa ya shige gidan sauro."

Na ce, "Baba, ni ma abin da nake son sani ke nan. Me yake tsoro?"

Baba na Zango ya kalli Kaka. "Ba ka taɓa gaya musu ba? To faɗa, ko ni in faɗa, kuma ka san ni da ƙari."

Kaka ya daɗe yana murza gyaɗa a tafin hannu bai ci ba. Sannan ya ce lokacin yana yaro, kafin a kai shi makaranta, yanar ido ta kama mahaifiyarsa. Sai wani mai aikin ido na gargajiya ya zo cin kasuwa, irin masu yawo gari-gari da 'yar jakar fata. Aka zaunar da ita a tsakar gida, maza biyu suka riƙe ta, mutumin ya sa wani siririn ƙarfe ya tura yanar ciki. Kaka ne aka ba ƙwaryar ruwa ya riƙe, don haka a gabansa aka yi komai. Ta ga haske a ranar, har ta ƙirga kajinta, aka yi ta murna. Kafin kasuwa ta zagayo idon ya kumbura, mutumin ya yi gaba, ita kuma ba ta ƙara ganin komai ba har ta rasu. Shi ke jan ta zuwa rijiya da gidajen suna.

"Shi ya sa da aka ce in zaɓi abin da zan karanta na zaɓi magani," ya ce. "Na san aikin asibiti daban ne. Na fi ku sani, zan iya faɗa muku sunan duk abin da za su ɗiga min. Kaina ya yi karatu, Amarya. Cikina ne bai je makaranta ba."

Baba na Zango kuwa ko a jikinsa. Ya laluba aljihu ya ciro baƙar leda, ya juye ta a kan tabarma. Ƙwayoyi suka watse, fari da ja da ruwan hoda, wasu ko kati babu.

"Na hawan jinina ne, da na gwiwa, da wasu da ban san na mene ne ba. Tun da ka rufe zaure, wanda ya fara zuwa hannuna shi nake sha. Ranar da na ji ƙarfi in sha biyu."

Kaka ya shafa tabarmar, ya tsinci ƙwayoyin yana jin su da yatsa. "Kai mahaukacin ina ne? Na ce kowa ya je asibiti."

"Na je. Yarinyar tagar ta yi min bayani da kyau, kafin in kai tasha na manta. Ni zanenka na iya. Ba zan koyi na wani da tsufana ba."

"Za ka kashe kanka."

"To ai ka san inda gidana yake, sai ka zo gaisuwa. A samo mai jan ka."

Suka yi ta musayar baƙaƙen maganganu irin na mutanen da suka san juna tun ba su da wando. Ranar ni na karanta, Kaka ya ware, na zana. Baba na Zango ya karɓi ambulan ɗin ya ce jinjirin watana ya yi kama da ƙahon rago, kuma wata mai zuwa idan aka ba shi sababbi zai koma yadda ya saba. Bayan ya tafi aka kira la'asar. Da Kaka ya tashi alwala sai ya ce, "Idan Abbanki ya dawo ki ce ina nemansa."

Ranar aikin na nace sai da aka tafi da ni. Kaka ya bar wasiyya a mota, har da wanda zai gaji rediyonsa, kuma ba ni ba ce. A asibiti rabin ma'aikatan sun san shi, suna ta durƙusawa suna gaishe shi, shi kuma yana amsawa da muryar wanda za a rataye. Ya riƙe wuyan hannuna a kan benci har sai da yatsuna suka yi sanyi. Da nas ta kira shi, ya miƙe ya gyara hula, ya ce min, "Idan ban fito ba kin huta da tsoho." Na ce ai tuni na yi wa Baba na Zango alkawarin aure. Ya yi 'yar dariya, ta farko a cikin watanni, ya bi ta.

Ido ɗaya aka yi, na dama. Ya fito da bandeji, yana ƙorafin cewa likitan da nas hirar ƙwallo suke yi a kansa tun daga farko har ƙarshe, kamar masu gyaran babur. Washegari aka cire bandejin. Ya lumshe ido, ya buɗe a hankali, abin da ya fara kallo hannunsa ne. Ya juya shi gaba da baya ya ce, "Wa ya yamutsa min hannu haka?" Ya kalli Abba ya ce ashe ya yi furfura bai gaya wa kowa ba. Sannan ya juyo kaina, ya ƙare min kallo daga sama har ƙasa.

"Wannan ce amaryar? An cuce ni."

Makonnin da suka biyo baya sun nuna mana cewa babu majinyacin da ya kai mai haɗa magani wahala. Sai an bi shi da maganin ɗigawa kamar ana bin kaza, ga shi ya fi kowa sanin lokacinsa. Ya gano cewa bangon gidanmu ya yi datti, labulen ɗakinsa ba fari ba ne, kuma miyar kuka ta fi kyau lokacin da ba ya ganinta. Aikin idon hagu kuwa, ya ce a ba shi lokaci, Abba bai matsa ba.

Da likita ya ba shi izini, aka share zaure. Ba a yi shela ba, amma kafin hantsi ya ɗaga takalma sun cika ƙofa. Wanda ya fara zama a gabansa wani mai kiwo ne daga wajen Mai'adua, dogo, yana dafe da ƙugu. Ya ajiye kwalba ɗaya ya ce a kasuwa ya saya, na ciwon baya ne, mai sayarwar ya ce yana da ƙarfi sosai, amma tun da ya fara sha cikinsa ke murɗawa.

Kaka ya sa sabon tabarau, ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya juya kwalbar. Rubutun Faransanci ne, ya kusa gogewa. Ya bi shi a hankali da yatsa har ƙasa, ya tsaya a wata kusurwa inda aka yi wani ɗan hoto da bai kai ƙwayar gero biyu ba.

"Malam, matso. Me ka gani a nan?"

Mutumin ya matso ya ƙura ido. "Kamar saniya."

"Saniya ce. Kai saniya ne?"

"A'a, Alhaji."

"Cokali nawa ka sha?"

"Da murfin nake sha. Ya ce in ƙara idan ban ji sauƙi ba."

Zauren ya ɗauki dariya, amma Kaka tuni ya miƙe yana neman takalminsa. Ya jefa kwalbar a aljihu, ya ce wa mutumin ya tashi yanzu su tafi asibiti a duba shi, shi zai yi musu bayani da kansa. Ya ce wa sauran kada kowa ya motsa, yana dawowa. Na leƙa ta ƙofa ina kallonsu. Kaka ne a gaba, ya tsallake kwatar bakin layi ba tare da ya rage sauri ba, yana ɗaga wa ɗan acaɓa hannu tun daga nesa, dogon mutumin yana biye da shi dafe da ƙugu.